Kumfa ta cinye mini rabin keg a Shendam, ina matsalar take?

Ayuba Dadin Kowa:
Barkanmu da yamma 'yan'uwa masu aikin biki. Taimako nake nema, don abin nan ya hana ni barci. Ranar Asabar na je aiki a Shendam da sabuwar kular famfo da na saya, irin wadda aka naɗe dogon bututun ƙarfe a cikinta, a zuba ƙanƙara, giya ta bi ta cikin bututun ta yi sanyi kafin ta fito. Keg biyu na ɗauka, wato gangunan ƙarfe na giya, masu lita 50. Sau biyu na yi aiki da ita a nan Jos, lafiya lau. Amma can, kofin farko da na tara, kashi uku cikin huɗu kumfa ne. Na zubar, na sake tarawa, haka dai. Gas ɗin CO2 da ke tura giyar yana kan psi 30 (psi shi ne ma'aunin matsi), na rage shi zuwa 12, sai abin ya ƙara lalacewa, famfo yana tari yana fesar da kumfa. Uwar amarya tana tsaye a kaina, baƙi sun yi layi da kofuna. Ƙarshe dai kwalabe aka je aka sayo a cikin gari, daga kuɗin aikina aka cire. Asabar ta sama ina da wani aikin a Langtang. Kular ce ba ta da kyau, ko ni ne ban iya ba?

Oga Sunday Terminus:
Sannu Ayuba. Gas ne ya yi maka yawa tun farko. Wa ya ce ka sa 30? Shekara tara ina da famfo a shagona, ban taɓa wuce 12 ba. Ka riga ka cusa wa giyar gas, shi ya sa ko da ka rage ba ta saurare ka ba.

Ayuba Dadin Kowa:
Oga, wanda ya sayar mini ne ya ce 30. Kuma a Rayfield, nan Jos, da 30 ɗin na yi, babu ko matsala ɗaya.

Baba Istifanus Bukuru:
Ayuba ɗana, kafin kowa ya yanke maka hukunci, amsa mini waɗannan. A me ka ɗauki keg ɗin, kuma awa nawa suka yi a hanya? Da kuka isa, a ina ka ajiye su? Minti nawa tsakanin sauke su da ɗaura famfo? Ruwan da ƙanƙara ta narke a cikin kula, ka bar shi ko ka zubar? Bututun ƙafa nawa ne?

Ayuba Dadin Kowa:
Ina wuni Baba. A bayan a-kori-kura, tare da kujeru da rumfuna. Mun bar Jos da hantsi, mun isa bayan azahar don mun tsaya gyaran taya. Ban rufe su da komai ba. Da muka isa na ajiye su a gefen rumfa, rana tana ɗan taɓa su. Mun makara, saboda haka nan take na ɗaura. Ruwan kuwa na riƙa buɗe ƙasan kula ina tsiyaye shi, don na ɗauka shi ke cinye ƙanƙara. Bututun ƙafa 120 ne.

Baba Istifanus Bukuru:
To ka ba da amsar da kanka. Kularka lafiyarta ƙalau. Zafi ne ya yi maka wannan aikin, kai kuma ka taya shi da ka rage gas.

Bari in yi maka bayani a tsanake, don in ka gane wannan ka gane rabin sana'ar. Gas ɗin da ke cikin giya narkakke ne, kamar yadda sukari ke narkewa a shayi, ba ka ganinsa. Abu biyu ke riƙe shi a ciki: sanyi da matsi. Ruwa mai sanyi yana riƙe gas da yawa, mai ɗumi kuwa sakinsa yake yi. Ka buɗe lemon kwalba da ya sha rana ka gani, kafin ka kai baki ya malalo a hannunka. Iyakar zafin giya, iyakar matsin da take bukata kafin gas ɗinta ya zauna.

Ga lissafin irin giyar da muke sayarwa. In keg yana digiri 3, psi 11 zuwa 12 ya ishe shi. In ya kai digiri 10, yana neman kusan 18. A digiri 20, kusan 28. A digiri 30, wajen 38. Keg ɗin da ya sha rana a bayan mota har Shendam, ba na shakkar ya kai digiri 30. Wato psi 30 ɗin da ka sa ma bai kai ba, gas ya riga ya fara ficewa daga giyar tun a cikin tiyo. Da ka sauke zuwa 12 sai ka buɗe masa ƙofa gaba ɗaya. Tarin da ka ji famfo yana yi, guntayen gas ne da suka rabu da giya suna fitowa.

Oga Sunday Terminus:
Baba, da girmamawa, ban yarda ba. Ni duk lokacin da kumfa ta dame ni, rage gas nake yi, in ja zoben nan na jikin kofla, wato mahaɗin da ake ɗaurawa a bakin keg, in saki iska, kuma tana daidaita. Da idona nake gani.

Baba Istifanus Bukuru:
Sunday, gaskiya ka faɗa a kan shagonka, amma kayanka da nasa ba ɗaya ba ne. Keg ɗinka a firji yake kwana, yana digiri 3 ko 4. Tiyonka bai wuce ƙafa biyar ko shida ba. Da 12 giya za ta iso famfo cikin natsuwa. Shi kuwa giyarsa sai ta ratsa ƙafa 120 na siririn bututu, kuma kowace ƙafa tana cin wani abu daga ƙarfin da ke tura ta. Irin wannan naɗin 30 zuwa 40 yake so, an ƙera shi haka ne da gangan saboda a iya sa matsi mai yawa a kan keg mai ɗumi ba tare da giya ta fito da gudu kamar famfon wankin mota ba.

Lokacin da sakin iska yake magani shi ne in keg mai sanyi ya kwana biyu ko uku a kan matsin da ya fi ƙarfinsa, ya sha gas fiye da kima. Wannan cuta ce daban. Keg ɗin Ayuba a ranar aka ɗaura shi, yaushe ya samu lokacin shan gas?

Oga Sunday Terminus:
To ta yaya mutum zai bambanta a wajen biki, mutane na jira? Ba kowa ke yawo da lissafi a kai ba.

Baba Istifanus Bukuru:
Ka dubi tiyon da ya fito daga kan keg, shi ya sa ake son farin da ake ganin ciki. Ka rufe famfo ka jira minti biyu. In ka ga ƙananan ƙwayoyin iska suna tasowa suna taruwa a inda tiyon ya yi tudu, matsi ya gaza zafin giyar. Ka ƙara psi 2, ka tara kofi ɗaya don ka kore abin da ke ciki, ka sake jira. Haka za ka yi ta yi har tiyo ya tsaya cike ba gurbi. In kuwa tiyo cike yake amma giya tana fitowa da mugun gudu tana dukan kofi, to a nan ne matsi ya fi tsawon bututun. Kofi mai rabin lita ya kamata ya cika a wajen daƙiƙa 8. In ya cika a 4, gudun ya yi yawa.

Rifkatu Mai Girki:
Baba, to me ya sa a Rayfield ya yi masa daidai?

Ayuba Dadin Kowa:
Anti, wannan kam na gane da kaina yanzu. A Rayfield daga ɗakin sanyi aka ɗauko keg ɗin, tafiyar minti ashirin, kuma da yamma ne cikin Disamba. Ko hannu ka sa a jikinsa sai ka ji sanyi.

Injiniya Dauda:
In ƙara wani abu a kan na Baba, tunda yawancinmu a kan tudu muke aiki. Jos tana sama da teku da kimanin mita 1,200. Nauyin iskar sararin sama a bakin teku psi 14.7 ne, a nan kuwa wajen 12.7. Agogon reguleta, wato na'urar da ke daidaita matsin gas, yana auna bambanci ne tsakanin cikin keg da iskar waje, saboda haka lambobin da Baba ya kawo na ƙasa-ƙasa ne, in kana Jos ko Pankshin ka ɗora 2 a kai. Wanda ya karanta 12 a takardar kayan ya sa 12 a Jos, a gaskiya 10 ya sa. Shendam da Langtang suna ƙasa sosai, ƙarin bai taka kara ya karya ba, amma zafinsu ya fi namu nesa ba kusa ba. Wannan dokar ta narkewar gas a ruwa tsohuwa ce, William Henry na Ingila ya bayyana ta tun 1803, kuma ita ce dai muke fama da ita a ƙarƙashin rumfa.

Oga Sunday Terminus:
Injiniya, wato ni ma 14 ya kamata in sa? Don gaskiya kofin farko na kowace safiya kumfa ne, sai na biyu ya gyaru.

Injiniya Dauda:
Gwada 14 na sati ɗaya. Amma kofin farko yawanci laifin kan famfon ne da guntun tiyon da ke waje da firji, sun ɗumama cikin dare. Giyar da ta kwana a ciki ta saki gas ɗinta. Ka naɗe wannan sashen da soso.

Baba Istifanus Bukuru:
Sai maganar ruwan da ka tsiyaye, Ayuba, wannan ya yi maka illa ƙwarai. Ƙanƙara zalla ba ta taɓa bututu sai a wurare kaɗan, sauran duk iska ce a tsakani, iska kuma ba ta ɗaukar zafi sosai. Ruwan ƙanƙara shi ke rungume bututun ta ko'ina. Ka farfasa ƙanƙarar ƙanana, ka cika kula, ka zuba ruwa har ya rufe naɗin gaba ɗaya. In ta narke ka rage ruwa kaɗan ka ƙara ƙanƙara, amma kada saman bututu ya fito fili. Lokaci-lokaci ka sa hannu ka motsa, don ruwan da ke jikin bututu yana ɗumama ya tsaya wuri ɗaya.

Akwai wata irin kula mai faifan alminiyam a ƙasa maimakon naɗi. Ita ce ake tsiyaye wa ruwa, don ana son ƙanƙara ta zauna kai tsaye a kan faifan. Wataƙila a wajen masu irin ta ka ga ana buɗe ƙasa.

Ayuba Dadin Kowa:
Haka ne Baba. A wajen wanda na yi wa yaron aiki na gani, tasa mai faifai ce.

Emma Farin Gada:
Ku zuba gishiri a ƙanƙarar mana, kamar yadda masu ayis-kirim ke yi. Sanyi zai ninka.

Injiniya Dauda:
Kada ka soma, Emma. Gishiri yana sauke ruwan ƙasa da sifili sosai, giya kuma tana daskarewa a wajen digiri 2 ƙasa da sifili. In ta fara daskarewa a cikin bututu, ƙanƙarar da ta taru a ciki tana tsuke hanya, sai kumfa, daga nan sai ta toshe ɗungurungum. Ga shi ruwan gishiri yana cin ƙarfen a hankali. Ruwa da ƙanƙara kawai suna tsayawa a sifili, wannan ya isa.

Hajiya Mai Zoɓo:
Assalamu alaikum. Ni dai kun sani giya ba hanyata ba ce, amma zoɓo mai gas nake kai wa wuraren biki a Kaduna da ƙananan keg masu lita 19, kuma wahalar da Ayuba ya sha na sha irinta har na yi kuka a bayan rumfa. Abin da Baba ya faɗa a kan zafi haka yake. Sai dai akwai abin da ba a ambata ba, wato datti.

Kumfa ba ta tashi haka kawai, sai ta sami abin da za ta kama. Lokacin da na fara, ina tace zoɓo da rariya sau ɗaya, ɓurɓushin citta da na abarba suna wucewa. Kowane ɗan ƙwayar nan wurin haihuwar kumfa ne. Sai da na koma tacewa da farin ƙyalle sau biyu, in bar shi ya kwanta, kafin na huta. Ku naku a tace yake zuwa, amma bututun fa? In an tashi daga biki an jefa kula a sito ba a wanke ba, abin da ya bushe a ciki zai yi muku irin aikin cittata. Ƙanena, bayan aikin Rayfield ka wanke naɗin?

Sannan kofuna. Lokacin hunturu ƙura tana sauka a cikin kofi kafin ka juya. Kofin roba da ya sha rana shi ma haka. Ni baho nake ajiyewa da ruwan sanyi mai tsabta, a tsoma kofi a girgije kafin a tara.

Ayuba Dadin Kowa:
Wa alaikumus salam Hajiya. Ruwa kawai na tura ta ciki, shi ma sai washegari.

Baba Istifanus Bukuru:
Hajiya ta taɓo wuri mai muhimmanci. Ruwa kaɗai ba ya cire abin da giya ke bari. Akwai maganin wankin bututu mai soda, ana haɗa shi kashi 2 zuwa 3 cikin ɗari, a bar shi a ciki wajen minti 20, sannan a ɗauraye da ruwa mai yawa. Masu shago duk sati biyu ya kamata su yi, mu masu yawo kuwa bayan kowane aiki, a ranar. Ka sa safar hannu, ka kiyaye idonka, yana ƙuna. Masu faifan alminiyam su duba maganin da ya dace da nasu, kada ya zuba a jikin faifan. In ka gama ka hura gas ya kore ruwan da ya rage, kada ya kwana a ciki.

Rifkatu Mai Girki:
Ni abin da nake gani daga inda nake rabon abinci, yaran da kuke sawa a famfo tsoronsa suke ji. Suna buɗe shi rabi-rabi wai kada kumfa ta zo.

Oga Sunday Terminus:
Wannan kam Anti ta yi gaskiya, na sha faɗa da yarana a kai. Buɗewa rabi matse giya yake yi ta ƙaramar kafa, kumfa zalla ke fitowa. A buɗe gaba ɗaya lokaci guda, a karkata kofi giya ta bi gefensa, in ya kusa cika a miƙe shi. Kuma bakin famfo kada ya nutse a cikin giyar.

Injiniya Dauda:
Tunda ana maganar ƙara matsi, dole in yi gargaɗi, don kada wani ya karanta rabi ya je ya murɗa reguleta har ƙarshe. Keg iyakarsa psi 60, kuma babu dalilin da zai kai ka kusa da nan. In 40 bai tsayar da kumfa ba, sanyaya keg za ka yi. Tukunyar gas a tsaye take aiki, a ɗaure, don gas ɗin ruwa-ruwa ne a cikinta, in ta kwanta ruwan yana shiga reguleta. A inuwa za ta zauna: a zafin ɗaki tana wajen psi 800 zuwa 900, in ta wuce digiri 31 tana haura 1,000. Kada a rufe ta a cikin mota tare da mutane gilasai a ɗage, gas ɗin ba shi da wari, in yana yoyo sai dai a ji kai na sarawa. Agogon da ke nuna abin da ya rage kuma kada ka dogara da shi, ba ya motsi sai ruwan ciki ya ƙare, sannan ya faɗi lokaci ɗaya. Ɗora tukunyar a sikeli kafin ka bar gida.

Ayuba Dadin Kowa:
Na gode ƙwarai. To Langtang fa, ya zan yi da hanya? Ba ni da motar sanyi.

Baba Istifanus Bukuru:
Keg mai lita 50 yana bukatar kwana guda cur a ɗakin sanyi kafin cikinsa ya yi sanyi, saboda haka ka kai su tun ranar Alhamis da yamma. Ku tashi da asuba. Ka naɗe kowanne da jiƙaƙƙen buhu ko tsohon bargo, ka rufe da tamfol, ka ɗaure kada su yi ta birgima. In kun isa, ka sami rabin durom na roba, ka zaunar da keg a ciki, ka zuba ƙanƙara a kewaye. Ko ba ta kai sama ba babu laifi, daga ƙasa bututun cikin keg yake zuƙo giya. Ka bar su su huta awa ɗaya ko biyu. Tiyon da ke tsakanin keg da kula ka gajarta shi, ka lulluɓe shi, kada ya kwanta a ƙasa mai zafi. Ƙanƙara kuma ka ninka abin da kake tsammani, ka tambaya tun yanzu ko ana samu a can don ƙari. Ka zo Bukuru ka karɓi ma'aunin zafina, ka riƙa tsoma shi a kofi na biyu da ka tara.

Ayuba Dadin Kowa:
Barkanmu da hutun Lahadi. Na dawo daga Langtang jiya da dare. Keg uku, duka sun ƙare, abin da na zubar bai kai kofi goma ba. Na fara da 30, na ga ƙwayoyi kaɗan a tiyo, na kai 32 suka ɓace. Ma'aunin Baba yana nuna digiri 3 zuwa 4 a kofi har yamma.

Amma keg na biyu ya tsorata ni. Ina ɗaurawa sai kumfa, alhali sanyinsa ɗaya da na farko. Hannuna har ya kai kan reguleta, sai na tsaya na dubi tiyo. Wannan karon iska tana shigowa a jere tun daga bakin kofla, ko da ana tarawa. Na cire na duba, robar da ke ƙasan kofla ta tsage a gefe, gas yana tsallakawa kai tsaye cikin hanyar giya. Allah ya sa akwai wata a cikin ledar da aka haɗo mini da kayan. Na canza, shi ke nan. Hajiya, bahon kofuna ma na ajiye. Oga Sunday, na koya wa yaron buɗe famfo kafin baƙi su iso.

Oga Sunday Terminus:
Madalla. Ni ma na kai 14 na naɗe tiyon, kofin safe ya ragu sosai, ko da yake bai daina gaba ɗaya ba. Baba, na karɓi gyara a kan na Ayuba. Amma kofla ɗin nan ku riƙa dubawa kafin ku saya, na keg ɗin Turai da na Amurka kama suke yi a ido, tsinin cikinsu ne ba tsawo ɗaya ba.

Ayuba Dadin Kowa:
Baba, tambaya ta ƙarshe. Rabin keg ɗin Shendam yana nan a firjin wani abokina, kuma na bar shi a kan 30 tun ranar Talata da na yi gwaji. Ya lalace?

Baba Istifanus Bukuru:
Bai lalace ba, amma wannan kam ya sha gas, maganin Sunday za ka yi masa. Rufe tukunya, ja zoben ka saki iska, ka bar shi awa biyu ko uku, ka sake saki. Ka yi haka sau huɗu ko biyar, sannan ka mayar da shi 14 ka ɗanɗana. In za ka dawo mini da ma'aunin ka taho da koflar, akwai robobi a wajena, mu ga wacce ta yi daidai da ita ka ajiye guda biyu a aljihun kula.